Sharhi: Daga Aji Zuwa Wurin Sana'a, Ina Gizo Ke Saƙar?

Sanin kowa ne cewa a duk shekara dubban matasa suna kammala sakandare a wannan jiha tamu, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbin ƙaro karatu ko aikin albashi. Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da suke zaman kashe wando, injin ban-ruwa kan lalace a fadama a rasa mai gyara, famfon burtsatse mai aiki da hasken rana kan yi watanni a tsaye, sannan masu manyan gine-gine a birane sukan ɗauko masu ɗaura tayil daga Togo da Jamhuriyar Benin. Ke nan aiki yana nan, ƙwararrun hannu ne suka yi ƙaranci.

Idan za a iya tunawa, tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 an tsara shi ne domin yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun ruɓe cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da ɗakunan aiki da malaman da suka san kansu. Haka nan Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971 yana tura ɗalibai masana'antu domin sanin makamar aiki, sai dai na manyan makarantu ne ke amfana. Ita kuwa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana haɗa matasa da iyayen gidan sana'a, amma yawan masu buƙata ya fi ƙarfinta.

A ganinmu, babbar matsalar ita ce mun raba takarda da ƙwarewa. Ɗalibi yana da shaida ba shi da hannu, yaron gareji kuwa yana da hannu ba shi da shaida, don haka kamfani ba ya ɗaukar ko ɗayansu. Bugu da ƙari, horon mako biyu da rabon keken ɗinki ba ya fitar da gwani, shi ya sa kayan kan ƙare a kasuwa.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli shawara su fara da ƙididdige sana'o'in da ake nema a kowace mazaɓa kafin a shirya kowane horo. Na biyu, a sanya wa 'yan kwangila sharaɗin ɗaukar yaran gari su koyi aiki. Na uku, a taimaka wa masu koyo, maza da mata, su zauna jarrabawar hukumar NABTEB domin su mallaki shaidar da ake karɓa a duk faɗin ƙasa.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye da hakimai da dagatai da su daina kallon aikin hannu a matsayin makomar wanda ya kasa karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matashin da muka bari ba sana'a a yau, shi ne za a ɗauka bangar siyasa gobe, ko ya tafi ci-rani ya bar gona ba magaji.