Kafin a zagi mai hawa tsani, a leƙa sito

Duk unguwar da taransfoma ta ƙone, mai shan zagi shi ne ma'aikacin da ake gani a kan tsani, wanda har gobe muke kira ɗan NEPA, ko da yake tun Nuwamban 2013 aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. Ba mai tambayar abin da aka ba shi da safe a sito. Mutumin da aka tura gyara ba fiyus, ba waya, ko safar hannu babu, me zai yi ban da ƙulle-ƙulle?

Sau da yawa kayan suna nan, sanin inda suke ne babu. Lokacin da Babatunde Fashola ke ministan wuta, an taras da ɗaruruwan kwantenonin kayan lantarki sun yi shekaru jibge a tashoshin jiragen ruwa, ayyukan da aka sayo su dominsu kuwa sun tsaya cik.

Shi ya sa nake goyon bayan a mai da lissafin sito cikin kwamfuta. Kowace mita da kowane naɗin waya ya samu lambarsa, na'ura ta karanta shi ran da ya shigo da ran da ya fita, da sunan wanda ya sa hannu. Kaya ya kusa ƙarewa, ta yi gargaɗi tun da wuri. Wanda zai fi kowa samun sauƙi shi ne mai sito mai tsoron Allah. Oga ya leƙo ya ce, “Ba direbana naɗi biyu, takarda na tafe.” A zamanin littafi sai ya bayar yana gumi, takardar ba za ta zo ba, ranar bincike kuma shi ne ɓarawo. Yanzu yana da abin faɗa: “Ranka ya daɗe, na'ura ba ta saki sai da lambar aiki.”

Sai dai kwamfuta ba ta ƙirga kanta. In an shigar mata mita hamsin alhali arba'in ne a kan kanta, hamsin za ta riƙa nunawa, don haka ƙidayar ba-zata ba ta da makawa.

Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta sha faɗa cewa sayen taransfoma ba aikin mai biyan kuɗin wuta ba ne, amma unguwanni na nan suna karo-karo saboda an ce musu babu a sito. Suna da haƙƙin a juyo musu allon kwamfutar su gani da idonsu.