Bidiyon canza taya na ƙarewa tun aiki bai ƙare ba

Matashin da tayar motarsa ta yi faci a Gyallesu yau, kafin ya buɗe but sai ya fara buɗe YouTube ko TikTok. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce gajerun bidiyon nan da yawa suna yankewa da zarar an sauke mota daga jak, alhali abin da ya rage shi ne ya fi haɗari.

Notin da aka ɗaure mota na sama bai gama ɗauruwa ba. Sai taya ta zauna a ƙasa ake ƙarasa shi, kuma ba a bin notukan a jere. Ana ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, domin taya ta zauna daidai. Hawa kan sifana da ƙafa, wanda wasu ke ɗauka ƙwarewa ce, yana iya lalata zaren ƙusar ko ma ya karya ta. Bayan an ɗan yi tafiya notukan kan iya saki, shi ya sa ake so a sake duba su bayan kilomita 50 zuwa 100. Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, wato tafiya ɗaya ta isa. A nan waya take da amfani na gaske: mutum ya saka tunatarwa tun bai bar wurin ba.

Sai batun iska. Siririyar safaya da ke zuwa da motoci da dama tana buƙatar psi 60, kusan ninki biyu na tayar yau da kullum, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. An yi ta ne don ta kai mota wurin mai faci a Tudun Wada ko Kongo. Duk da haka ana ganin motoci suna yin makonni a kanta. Safayar da ta shekara a but ba a duba ta ba, da wuya iskarta ta cika, kuma dukanta da ƙafa ba awo ba ne. Wanda ke iya sayen sabuwar fawabanki ba shi da uzurin rashin ƙaramin ma'aunin iska mai nuna lamba, ko famfon lantarki da ake jonawa a soket ɗin mota.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su lura da fitilar TPMS, wadda dokar can ta wajabta wa sababbin motoci tun 2007. Safaya sau da yawa ba ta da na'urar da ke aika bayanin, don haka fitilar na iya ci gaba da haske har a mayar da tayar asali.

Kafin a tashi, a haska ƙasa da tocilar waya. Jak, sifana da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wadda jami'an FRSC ke tambaya a hanya, duk su koma but. Dutsen da aka tokare taya da shi kuwa a ɗauke shi daga titi. Direban ya wuce abinsa, amma ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu da zai biyo bayan magariba ɗauke da ɗaliban Kongo ba zai gan shi ba sai ya hau kai.