Damina Ba Ta Jiran Mai Barci

A ƙasar Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maraɗi, manomi ba ya bukatar a karanta masa cewa lokaci gajere ne. Ruwan shuka yakan sauka wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Cikin wata 12 na shekara, wata 3 zuwa 4 kaɗai sama ke buɗe hannunta, gero kuwa yana son kamar kwana 90 kafin ya nuna. Wanda ya bar ruwan farko ya wuce iri yana cikin ƙwarya, ko ya bar haki ya rufe shuka kafin noman fari, ya san hukuncinsa tun kaka ba ta zo ba. Haka al'amarin yake a Agye, haka yake a Gazawa. Gulbin Maraɗi kansa, wanda ke ratsa Tsibiri da Gidan Rumji, yakan cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma yara su yi wasa cikin rairayinsa.

Kwanakin ɗan Adam ma ƙidayayyu ne, kuma ba a gaya wa kowa adadin nasa ba. Wagga magana kowa ya yarda da ita. A wurin jana'iza ana faɗinta, a gindin bishiya ana faɗinta. Inda anka rabu shi ne abin da ya kamata mutum ya yi da saninta.

Wasu sun ɗauka cewa tun da duniya ba ta da tabbas, sai a ci abin da anka samu yau. Ana ganin su da kaka. Damman gero suna shiga gida, sai a kai rabi kasuwa a lokacin da tiya ba ta da daraja, a yi biki na gasa, a ƙara aure ba shiri. In bazara ta yi, wanga magidanci shi ne zai koma kasuwar nan ya sayi hatsin da ya sayar, da kuɗin da ya fi na da nesa, wani lokaci ma da bashi. Daɗin da ya ji na mako biyu ne, iyalinsa kuma su biya shi da wata uku na ƙaranci, daidai lokacin da aikin gona ke son ƙarfi.

Wasu kuma sun bi ta ɗaya gefen. Sun ce kome mai wucewa ne, don haka ba su ga amfanin gyara ba. Katanga ta faɗi, a bar ta. Yaro ya isa lakwal, a ce baɗi. Jiki ya yi zafi, a ce gobe za a tafi likita. Suna kiran wanga hali haƙuri, alhali sakaci ne ya sa rigar haƙuri. Hausawa sun ce gobe ta Allah ce, kuma gaskiya sunka faɗa. Ma'anar maganar ita ce yau ce anka damƙa wa mutum, ita za a tambaye shi.

Dattawan ƙasar Maraɗi sun ga yadda zamani ke juyawa da idonsu. A shekara ta 1945 ambaliya ta ci tsohon birnin Maraɗi da ke cikin fadama, anka tashe shi zuwa tudu. Bayan samun mulkin kai a 1960, gujiya ta zama sarauniyar amfanin gona. Anka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta, buhuna sunka yi tsibi a wuraren awo, mutane da yawa sunka zaci abin ba zai ƙare ba. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gujiya ta biyo baya a 1975, kasuwar ta durƙushe. A 1984 yunwar da anka laƙaba wa suna El Buhari ta watsa gidaje, a 2005 kuma ƙarancin abinci ya cika wuraren jinyar yara a jahar. Wanda ya ga waɗanga shekaru ya san wadata baƙuwa ce. Ya kuma san cewa tsanani ma yana da ranar tashi.

Amma akwai wani abu da ya faru cikin waɗanga shekaru masu wuya, wanda ya isa ya zama darasi. Wajen 1980 gonakin jahar Maraɗi sun yi fayau. An sare itatuwa domin faɗaɗa noma da samun itacen wuta, iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku a damina ɗaya. An yi ta dasa itatuwa daga wuraren reno, mafi yawansu sunka mutu. A watan Mayu na 1984 gwamnati ta kira babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A daidai wanga zamani wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga gatari da bakin dabba. Shi ne manoma sunka sa wa suna sassaben zamani.

Da farko mutane sun karɓi aikin ne saboda abincin agaji da ake bayarwa a kansa lokacin yunwa. Da agaji ya ƙare, anka sare mafi yawan itatuwan. Sai dai wasu manoma sun bar nasu, ana yi musu dariya ana cewa gonarsu ta ƙazantu. Bayan ƴan shekaru sai ga su da itacen wuta a kusa, da ganye da ƴaƴan gawo na dabbobi, da gonar da iska ba ta binne shukarta. Maƙwabta sunka gani sunka kwaikwaya. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin eka-eka na ƙasa da sunka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jahohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 hukuma ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Da yawa daga cikin waɗanda sunka fara barin kalgo da sabara da gawo a gonakinsu a shekarun 1984 da 1985 sun riga mu gidan gaskiya. Wasunsu ba su daɗe a inuwar ba. Duk da haka ba za a ce sun yi asarar kwanakinsu ba, domin aikin da ya ɗauke su hantsi ɗaya da adda a hannu, yau jikokinsu ne ke cin moriyarsa, kuma macen da uwarta ke yin tafiyar rabin yini neman itace tana samunsa a gonar gidansu. Waɗanga mutane sun san rayuwa gajera ce, shi ya sa sunka yi abin da ke gabansu a ranar da ya kamata. Ga ma'anar sanin darajar rayuwa ke nan: kowane abu a ba shi lokacinsa, aiki a lokacin aiki, hutu a lokacin hutu.

Hutu ma haƙƙi ne, kada a manta. Manomin da ya ɗaure damminsa na ƙarshe ya cancanci ya zauna a dandali da farin wata, ya ji kiɗan kalangu, ya kalli kokawa, ya sha fura da abokan gayyarsa. Babu laifi a cikin wanga, muddin an auna abin da rumbu zai iya ɗauka. Akwai ma daɗin da ba ya cin ko tiya ɗaya, kuma shi ne anka fi sakaci da shi. Tsohon da ke zaune a zaure ya san sunan kowace yunwa, da iyakar kowace gona, da asalin kowane gida a garin. Samari suna wucewa ta gabansa da waya a kunne, suna cewa wata rana za su zauna su ji. Ranar da anka ɗauke shi zuwa makwanci, an rufe littafin da ba shi da kwafi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da abin da kakanninsa ba su samu ba, wato alƙalami. Ya ɗauki takarda ya rubuta abin da tsoho ke faɗa tun bakinsa yana motsi.

Haka nan ƙuruciya. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, kuma kusan rabin jama'ar ƙasa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da anka hana lakwal tana da shekara 7 ba za a mayar mata da shekarar ba in ta kai 17. Uban da ke tafiya cin rani tun bayan kaka har ruwa ya sauka, talauci ne ya kore shi, ba wanda zai zarge shi. Amma in ya dawo, ya san ɗiyansa da sunansu da halinsu, domin shekara kaɗan ce tsakanin goyo da aure.

Saura magana ga ma'aikatan hukuma, waɗanda anka ba amanar lokacin jama'a. Albashin ma'aikaci yana zuwa ƙarshen wata, ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba. Talakan da ya taso daga ƙauye tun asuba, ya biya kuɗin amalanke ko na babur, domin takardar haihuwa ko ta gona, in anka ce masa ya dawo gobe saboda mai sa hannu ya fita, an ci masa yini guda. In da damina ne, an ci masa yini guda cikin 90, kuma haki bai tsaya jiransa ba. Taki ko irin da ya iso bayan shuka ta yi kwana 40 ya iso ne domin rahoto, gona ba ta gan shi ba. Taron da anka kira da ƙarfe 8, babban baƙo ya iso da azahar, ya tsayar da hauyar gari duka. Kuɗin da anka ci ana iya biya, yinin da anka ci kuwa babu baitulmalin da ke da irinsa. Kujerar ma'aikaci ita ma damina ce: wata rana takardar canji ko ta ritaya za ta zo, abin da zai rage a bakin mutanen Cadakori ko na Gazawa shi ne ko ya sallame su da wuri ko ya shanya su a rana.

Saboda haka kowa ya dubi abin da ke hannunsa yau. Mai gona ya bar toho ya girma. Mai rumbu ya ƙidaya watannin da ke gaba kafin ya buɗe shi. Mai tsoho a gida ya zauna kusa da shi, mai yaro ya kai shi lakwal bana, mai hatimi ya buga shi kafin rana ta take. Da safe ake kama fara. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa kowa ya ci moriyar kwanakinsa cikin lafiya da kwanciyar hankali.