Ƙasar Kakanni Ko Cikin Manya?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, ruwa ba ya tsami banza. Duk sa'ad da kuka ji mai mulki ya tashi da rana tsaka yana cewa wani yanki na maƙwabta gadon kakanninsa ne, to, ku duba abu biyu: halin da kujerarsa ke ciki, da abin da ke binne a ƙarƙashin yankin. Labarin Maroko da Yammacin Sahara ya ishe mu misali.

A 1971 sojoji suka afka wa Sarki Hassan na Biyu a fadarsa ta Sikhirat, ya sha da kyar. A 1972 suka harbi jirginsa a sama, ya kuma tsira. Sarkin da sojansa suka nemi ransa sau biyu, lalle yana bukatar abin da zai ɗauke hankalin jama'a. Sai ga Sahara, wadda ke hannun Turawan Sifen. Ran 16 ga Oktoba 1975 Kotun Duniya ta ce, ko da yake wasu ƙabilun wurin sun taɓa yi wa sarakunan Maroko mubaya'a, wannan bai mai da ƙasar mallakar Maroko ba, mutanen wurin ne za su zaɓar wa kansu. Duk da haka, ran 6 ga Nuwamba sarki ya tura mutum wajen 350,000 suka doshi iyaka da tuta da Alƙur'ani a hannu. Har jam'iyyun hamayya suka bi sahu, aka jingine maganar gyaran mulki.

Ga kuma dukiya. A Bu Kra'a akwai fosfat, watau dutsen da ake yin takin zamani da shi, ana jansa tafiyar kilomita wajen 100 zuwa gaɓar teku. Tekun kuwa cike yake da kifi.

To, wa ya biya? Aka yi shekara 16 ana yaƙi da 'yan Folisariyo kafin a tsagaita wuta a 1991. Muritaniya da ta karɓi nata kason ta kasa ɗaukar nauyi, soja suka tumɓuke shugabanta a 1978, ta janye a 1979. Mutanen Sahara dubbai suka yi gudun hijira zuwa Tinduf ta ƙasar Aljeriya. A Yuni 1981, da aka ƙara kuɗin fulawa da sukari da mai, talakawan Kasabalanka suka fito kan titi, aka amsa musu da harsashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan!

Ba mu musa cewa Turawa sun yanka iyakoki yadda suka ga dama ba, har suka raba ɗa da uba. Mu fatake da 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan ciwo. Amma maganinsa a buɗe hanya, a rage shinge da kuɗin fito, kowa ya kai hajarsa ya dawo lafiya. Shugabannin Afirka da kansu sun yarda a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakoki yadda aka same su.

Saboda haka muna kira gare ku, in an buga muku tambarin ƙasar kakanni, kada ku yi saurin rawa. Ku tambaya ɗan wa zai riƙe bindiga, kuma aljihun wa ribar za ta shiga. Allah ya ba talaka sawaba, amin.