A ƙwallon jami'o'in Amurka, zobe ya fi mutuncin 'ya mace tsada



Tun da hukumar NFL ta kawo sansanin zaɓen 'yan wasa Legas a watan Yunin 2024, muka fara jin samarinmu suna hirar ƙwallon Amurka, wannan da ake runguma da hannu ana karo kamar raguna. Burin kowa ɗaya ne: wata jami'a a can ta ɗauke shi, ta biya masa kuɗin karatu, ya buga mata wasa. Ba mu ga laifin burin ba. Amma kafin wani uba ya saka hannu a takarda, ya kamata ya san irin gidan da zai miƙa ɗansa, da irin tarbiyyar da gidan yake bayarwa ranar da yaro ya yi ɓarna.

Mu fara da Jami'ar Baylor da ke garin Waco a jihar Texas. Jami'a ce ta cocin Baptist, mai alfahari da addini da ɗa'a. Ta daɗe tana shan kashi a ƙwallo, sai koci Art Briles ya zo ya ɗaga ta, ta ci kofin rukuninta na Big 12 a 2013 da 2014, ta buɗe sabon filin wasa na dala miliyan 266. A daidai waɗannan shekarun na murna, a Janairun 2014, kotu ta ɗaure ɗan wasanta Tevin Elliott shekara 20 kan fyaɗe. Da ƙorafi ya yi yawa, jami'ar ta ɗauko kamfanin lauyoyi na Pepper Hamilton ya yi bincike. Abin da aka bayyana a watan Mayun 2016 ya isa ya hana mai 'ya barci: ma'aikatan sashen ƙwallo suna ganawa da mai ƙorafi ko iyayenta da kansu, su yi ɗan bincikensu na cikin gida, maganar ta mutu a nan ba tare da ta kai ga ofishin da doka ta ɗora wa alhakin ba. An kuma samu jami'an makarantar da suka riƙa sanyaya wa masu ƙorafi gwiwa. Daga baya 'yan majalisar gudanarwar jami'ar suka faɗa da bakinsu cewa tun daga 2011 mata 17 ne suka kai ƙarar cin zarafi a kan 'yan wasa 19, huɗu daga ciki fyaɗen taron dangi ne.

An kori Briles, wanda har yau yake musanta cewa ya ɓoye wani abu. Amma korar ta zo da dala miliyan 15.1 na sallama. Shugaban jami'ar, Ken Starr, ya rasa kujerarsa. Idan sunan ya yi muku kama da wanda kuka taɓa ji, shi ne dai lauyan nan da ya tasa Shugaba Bill Clinton a gaba kan batun Monica Lewinsky. Mutumin da ya bi diddigin shugaban ƙasa har cikin ofishinsa, sai ga shi abin da ke faruwa a harabar makarantarsa ya gagare shi.

To me NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta yi? Ta ɗauki shekara biyar tana bincike, a Agustan 2021 ta ce abin da Baylor ta yi bai dace ba, amma babu wata doka tata da ya karya. Sai ta koma kan wasu ƙananan laifuffuka daban, ta ci jami'ar tarar dala 5,000 da sa ido na shekara huɗu. Dala dubu biyar! Kuɗin da bai kai na tsohuwar tokunbo mai lafiya ba.

Kada wani ya ce hukumar ba ta da haƙora. Tana da su, ta san kuma inda take cizo. A Disamban 2010 ta dakatar da 'yan wasan Jami'ar Ohio State biyar daga wasa biyar-biyar. Laifinsu shi ne sun sayar da zobban da aka ba su na cin kofi da rigunan wasa, sun kuma karɓi ragin kuɗi a shagon zanen jiki. Kayansu ne, da guminsu suka samu. Maganar ta ci kujerar kocinsu Jim Tressel, an kuma hana jami'ar wasan ƙarshen kaka a 2012. Wani abin dariya mai ciwo: an ɗage dakatarwar sai bayan sun buga babban wasan Sugar Bowl, wanda ake kallo a talabijin ana tara kuɗi. Haka Reggie Bush na Jami'ar USC ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa a 2010 saboda shi da iyalinsa sun karɓi alheri daga dillalai. Yaro ya taɓa kuɗin da manya suka keɓe wa kansu, doka ta farka da gudu. An taɓa 'yar wani, sai aka buɗe littafi aka ce ba a ga babin ba.

Masu kare wannan tsari suna da amsa a shirye: yara ne, a ba su dama ta biyu. Mu ma mun san ɗan adam ajizi ne, mun kuma san darajar tuba. Sai dai ku duba wa ake ba damar. A 2014 Joe Mixon na Jami'ar Oklahoma ya naushi wata ɗaliba a wani gidan abinci har ƙasusuwan fuskarta suka karye. Kyamara ta ɗauka. An ajiye shi kaka ɗaya, ya dawo ya buga biyu, bidiyon bai fito fili ba sai Disamban 2016, a 2017 kuma ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi. Wa ya yarda cewa da a benci yake zama, da zai ga irin wannan haƙurin? Tausayin da ake auna shi da gudun ƙafar yaro ciniki ne, ko da an yi masa rawani.

Akwai kuma masu cewa zargi ba hujja ba ne. Gaskiya suka faɗa, kuma Brian Banks shaida ne. Yana sakandare, USC ta riga ta yi masa alkawarin gurbi, aka zarge shi da fyaɗe a 2002. Ya yi fiye da shekara biyar a kurkuku kafin kotu ta wanke shi a 2012, bayan mai zargin ta amsa cewa ƙarya ta yi. Amma wannan labarin ba ya taimakon kocin da ke danne ƙorafi. Abin da yake nunawa shi ne irin wannan magana tana da nauyin da sai ƙwararren mai bincike, wanda ba shi da riba ko asara a sakamakon. Koci kuwa albashinsa da aikinsa sun rataya ne a kan yaron ya fito fili ranar Asabar. Ba a ba kura ajiyar nama. Ko yaron yana da laifi ko ba shi da shi, binciken koci ba zai wanke shi a idon jama'a ba, ba zai kuma share wa yarinyar hawaye ba.

Mu da muke zaune a garuruwan da ba namu ba mun san ɗanɗanon rufin asiri. Mun san yadda ake cewa a kashe magana a cikin gida kada a ɓata sunan al'umma. Wani lokacin alheri ne. Amma idan wanda aka zalunta shi ne ake roƙo ya yi shiru domin mai ƙarfi ya ci gaba da harkarsa, sunan abin ya canza. Yaron da ya tashi yana ganin manya suna share masa hanya duk lokacin da ya yi ta'asa, darasin da ya ɗauka zai bi shi har gidan aurensa.

Saboda haka duk uban da wani dillali ya zo masa da maganar gurbin ƙwallo a Amurka, ko mai 'yar da za ta je karatu irin waɗannan jami'o'i, ya yi tambaya ɗaya bayan ta kuɗi: idan aka kai ƙarar ɗan wasa, teburin wa take sauka? Dokar ƙasar ta 1972 da ake kira Title IX ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta naɗa jami'i na musamman kan wannan. Baylor ba ta ɗauki cikakken mai riƙe da wannan aiki ba sai a ƙarshen 2014, bayan an riga an ɗaure Elliott. Shi kuwa shugaban sashen wasanninta, Ian McCaw, da ya ajiye aiki a Mayun 2016, wata shida kacal ya yi a gida. A Nuwamba Jami'ar Liberty, ita ma ta addini, ta ba shi irin kujerar da ya bari.