Daga Bulo Zuwa Lantarki

Unguwarmu Briqueterie daga wurin gasa bulo ta samo sunanta. To, ga labarin wani gashin daban. A 1981 masanin Japan Hiroyasu Iwahara ya gano wani tangaran da ƙwayoyin furoton ke ratsawa cikin zafi mai tsanani. Da irinsa ake ƙoƙarin ƙera batirin da ke haɗa haidurojin da iska ya ba da lantarki, ruwa kawai yake fitarwa. Na roba kuwa, zafi na wuce digiri 100 sai ya bushe. Mu nan, in an ɗauke wuta, hayaƙin janareta telolinmu ke shaƙa. Mu tura yaranmu karatun kimiyya a Ngoa-Ekelle. Allah ya sa mu dace.