Fitsarin Kwance: Bulala Ba Ta Busar da Shimfiɗa

Da zarar hunturu ya kankama, daga Ƙofar Taramniya har sauran unguwannin Sakkwato, shanyar tabarmi da zannuwa takan ƙaru da safe, haka ma kukan yaran da ake zanewa. A wasu gidajen har yau ana ɗora wa yaro tabarmarsa a ka, sa'o'insa su bi shi da waƙar tsokana, ko a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Alhali mai barci bai san ya yi ba, balle a ce ganganci ne.

Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya kai shekara 5. Ko a lokacin, kusan yara 15 cikin 100 suna yi, maza sun fi yawa, kuma akasarinsu kan daina da kansu. Wani jikinsa ne ke tara fitsari da yawa cikin dare, wani mafitsararsa ba ta riƙe mai yawa, wani kuma nauyin barci ke hana shi farkawa. Taurin bayan gida ma yana matse mafitsara. Sannan abin yana bin jini: ki tambayi kakanninsa, wataƙila ke ko maigida kun yi.

To, me za ki yi? Ki bar shi ya sha ruwa ya ƙoshi da rana, musamman a zafin Sakkwato, amma ki rage fura, kunu da lemo bayan magariba, ki hana shayin dare. Ya yi fitsari dab da kwanciya. Ki ajiye fo da tocila kusa da shi, don sau da yawa duhu da sanyi ke hana yaro fita banɗaki. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zani. Idan ya tuna ya zagaya kafin barci ki yaba masa, ranar da ya jiƙe kuma a wanke ba gori. Ki ja kunnen yayyensa: maganar ba ta fita zaure.

Amma kada ki jira idan ya daina wata 6 sannan ya dawo, ko yana yi har da rana, ko yana jin zafin fitsari. Yawan ƙishirwa da rama na iya zama ciwon suga. Jini a fitsari kan nuna tsargiya, musamman ga masu wanka a gulbin Rima. Masu sikila ma sun fi fama da shi. Ki kai shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna fitsarinsa. Haka idan ya kai shekara 7 abin bai ragu ba, akwai maganin da likita ke rubutawa, kada ki saya a kemis da ka.

Fitsarin zai wuce in sha Allahu. Kunyar da aka ba yaro gaban jama'a ita ce takan bi shi har girma. Allah ya raya mana zuri'a.